Wa Ke Duba Aikin Magini?

Garin Mayo-Oulo yana arewa da Garwa, cikin yankin Mayo-Louti wanda hedikwatarsa take Gidar, kusa da iyakar Nijeriya ta wajen Mubi. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, inda Fali da Daba da Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya. Wanda ya ratsa ta da idon lura zai ga gini iri uku suna maƙwabtaka. Akwai kewayayyun ɗakunan mutanen dutse masu jinka, da rumbunansu a tsakar gida, irin waɗanda Bafaranshen nan Jean-Paul Lebeuf ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1961. Akwai gidajen ƙasa masu zaure da katanga, irin na Fulani da Hausawa. Sai kuma gidajen bulo da kwano, waɗanda suka fi kowanne yaɗuwa a yau. Siminti ba baƙo ba ne a nan, domin masana'antarsa tana Figil, cikin yankin na Mayo-Louti.

Abin da ke damun mai lura shi ne sababbin gidajen nan duk kamarsu ɗaya. Ɗaki ciki da falo, taga ƙarama ta ƙarfe, rufi ƙasa-ƙasa, sau da yawa babu silin. Wanda aka gina a Mayo-Oulo bai bambanta da na Mubi ko na bayan garin Kano ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, masu irin waɗannan ɗakuna kan kwashe tabarmi su kwana a waje, su bar ɗakin da suka kashe kuɗin audugar shekaru wajen gina shi. Saukin magana shi ne a ɗora wa siminti laifi. Amma siminti kayan aiki ne kawai, yadda aka sarrafa shi haka yake zama. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: idan birkila ya gama aikinsa a yau, wa ke zuwa ya duba, ya ce nan ka gyara, nan ka ɓata? Mai gida ba masani ba ne, kuma hankalinsa yana kan yawan buhunan da suka tafi. Ɗan kwangila sauri yake yi. Sauran magina kuwa kowa yana can wajen nasa neman.

Ɗalibin Hausa zai iya fara neman amsa daga cikin harshen kansa. Kalmar magini suna ne na mai aikatawa, kamar maƙeri da masaƙi da marini. Duk wanda ya riƙi aikin ya cancanci sunan. Kalmar gwani kuwa daban take. A tsarin karatun allo, almajiri kan tashi daga ƙolo zuwa titibiri, ya zama gardi, ya kai alaramma, kafin a kira shi gwani, kuma ba shi ne ke naɗa wa kansa wannan suna ba. Sai ya zauna a gaban waɗanda suka riga shi, sun saurari karatunsa, sun duba rubutunsa, sun gwada shi a wuraren da ake tuntuɓe. Haka abin yake a sana'a. Duk inda aka ji an ce wane gwani ne, to akwai wata jama'a a bayan maganar, masu ido da ma'auni, waɗanda suka yarda da hakan. Idan wannan jama'a ta watse, kalmar kan zama yabon baka, irin wanda maroƙi ke yi wa duk wanda ya miƙa masa kuɗi.

A biranen ƙasar Hausa wannan jama'a tana da tsari da shugabanci. Kamar yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, haka ake da Sarkin Magina. Shi ke tara magina idan aikin sarki ya taso, ko gyaran fada, ko masallaci, ko ganuwa, shi ke raba aiki, shi ke sasanta magini da mai gida idan sun saɓa. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, da Gidan Rumfa na ƙarni na 15, ba su kai ƙarnuka a tsaye ba sai don ana komawa kansu da yaɓe bayan damina. Wannan taron gyara shi ne babbar makarantar magina. A nan yaron da ke miƙa tubali yake ganin hannun maigidansa kusa da hannun wani, ya gane cewa hanyar ɗaura azara ba ɗaya ba ce. A nan kuma wanda ya yi ha'inci wajen kwaɓa ƙasa yake jin kunya, domin bangonsa zai tsage a gaban tsaransa.

Ilimin da ake gadonsa a irin wannan taro ba ƙarami ba ne. Tubalin Hausa mulmulalle ne mai tsini a sama, ana shanya shi a rana, a jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya tashi da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Azara daga giginya ake tsaga ta, saboda gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta kai mita biyu. Wannan iyaka ita ta haifi dabara. Magina suka koyi ɗora azara bisa azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Da haka ɗakin ƙasa ya sami faɗin da zai ɗauki taron fada. Wajen kare bango daga ruwa kuwa, sai magini ya nemi wasu masu sana'a. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Laso kuma haɗi ne na katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Ke nan soron da ba ya yoyo yana da hannun marini da na majemi a cikinsa. Daɓen ƙasa kuma aikin mata ne, da madaɓansu da waƙoƙinsu. Karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka daga wurin gini aka ɗauko ta, kuma a can ta fi gaskiya.

Sunan da ya fi kowanne fice a wannan sana'a shi ne Babban Gwani, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Bai zo da sabon kayan aiki ba. Ƙasar ita ce dai, azarar ita ce dai. Abin da ya yi shi ne ya kai bakan gizo da ginshiƙi matsayin da ba a saba gani ba, ya sa bakuna suna tashi daga ginshiƙai suna rarrabuwa a sama, zanen jikinsu yana bin tafiyar nauyin ginin. Akwai ruwayar baka da ke cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da dama, kuma abin da yake nunawa shi ne tsoron da masu sana'a ke yi wa mai mulkin da ke son ya mallaki gwaninta shi kaɗai. Abin da ya tabbata shi ne gwanintar ba ta bi shi kabari ba. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar magina a Zariya, unguwarsu kuma har yau da sunansa ake kiran ta.

Kada a ɗauka cewa aikin wannan jama'a tsare tsohon salo ne kurum. A tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun 'yan kasuwa, fuskokin gidaje a Zariya da Kano da Damagaram sun cika da zane. Kusa da dagi da takobi sai ga keke, ga mota, ga agogo, ga jirgin sama, duk an fito da su da ƙasa ko siminti a jikin zaure. Magina suna ganin aikin juna a kan titi ɗaya, kowa yana so a ce nasa ya fi, mai gida ma yana so a san ya samu. Gasa ce, amma gasa a gaban masu ido, shi ya sa sabon abu ya shigo ba tare da aikin ya lalace ba. Siminti ma a lokacin ya zama abin ado a hannunsu.

Sai dai tsarin yana da nasa aibi, kuma adalci ne a faɗe shi. Sana'ar da ake gado takan rufe ƙofa ga baƙo mai basira. Wasu gwanaye sun riƙe dabarunsu a matsayin asiri, ba sa nuna wa kowa sai ɗan cikinsu, idan ɗan ya tafi boko ko ya kama tuƙin mota sai ilimin ya tafi da tsohon. Da masu kuɗi da hukuma suka juya wa ginin ƙasa baya, sai taron gyaran shekara ya mutu, makarantar ta rufe ba tare da kowa ya sanar ba. Masallacin Zariya kansa a shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare. Masana sun yi ƙoƙarin ceto abin da za su iya. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya ya zana su, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma shi ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya. Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan yadda maginan Hausa suke fahimtar kyau da gwaninta. Waɗannan ayyuka taska ne. Amma takarda awo take adanawa. Yadda ƙasa ke ji a tafin hannu idan ta kwaɓu daidai, wannan sai a wurin aiki, kusa da wanda ya sani.

Misalin da ke nuna cewa abin yana iya farfaɗowa ya fito ne daga wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar. A 1962 mutanen Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: wani ya buga tubali, wani ya ɗebo ruwa, wani ya kawo itace ko hatsi. Ginin farko sauƙaƙƙe ne. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, Falke ya sake shi da bakuna, ya ɗora ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine. Abin lura a nan shi ne shekara 20 da aikin ya ɗauka. Kowane gyara ya zama damar gwada abin da magini ya gano a tafiye-tafiyensa, jama'ar da ta zuba guminta kuma tana da bakin cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A ƙauyen Dandaji, shi ma a jihar Tawa, akwai wani masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina, wanda ya tsufa har ana tunanin rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa. Suka nemo maginan da suka san tsohon ginin aka yi gyaran da su. Sabon masallacin kuma da tubalin jar ƙasar wurin aka gina shi, wanda ake matsewa da inji. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. A wannan fili mai digiri ta koyi yadda ake ɗaura baka daga bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suka ga yadda ɗan siminti kaɗan cikin ƙasa da matsi mai ƙarfi ke rage wahalar yaɓen kowace shekara. Kowane ɓangare ya duba aikin ɗaya, kuma wannan shi ne aikin da taron Sarkin Magina yake yi a da.

A arewacin Kamaru ma an ga irin haka. Mutanen Musgum na bakin kogin Logon suna da ɗakunan ƙasa masu siffar ƙwai, dogaye, ba azara ba ginshiƙi, jikinsu da tudun zane wanda ke raba ruwan sama kuma yake zama matakala ga mai hawa gyara. Marubucin Faransa André Gide ya gan su a 1926 ya yi mamakinsu, aka kuma kwaikwaye su a baje kolin mulkin mallaka na Faris a 1931. Duk da wannan suna, kafin ƙarshen ƙarnin sun kusa ƙarewa a ƙasarsu. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar raya al'adun Musgum, da taimakon wata ƙungiya daga Faransa, ta tara tsofaffin da suka rage da sanin aikin, aka haɗa su da matasa aka gina sabon gida a Murla, kusa da Pus. Yabon baƙi na shekara 70 bai hana ɗakunan rushewa ba. Zaman tsoho da yaro a kan bango ɗaya shi ya dawo da su.

Akwai kuma darasi daga inda aka yi kuskure. A shekarun 1940 gwamnatin Masar ta ba Hassan Fathy aikin gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor. Ya ɗauko maginan Nuba daga wajen Aswan, masu iya rufin baka da tubalin ƙasa ba tare da katako ba, ya fitar da gidaje masu kyau da sanyi waɗanda har yau ake karanta su a jami'o'i. Amma mutanen da aka gina dominsu ba su so barin tsohon mazauninsu ba, da yawa suka ƙi tarewa, aikin ya tsaya bai kammala ba. Gwanaye sun haɗu a Gurna, masu gida ne ba a shigar da su cikin shawara yadda ya kamata ba. A Yama kuwa masu gidan su ne suka kira magini. Jama'ar sana'a ba ta cika sai da wanda zai kwana a ɗakin.

Idan aka dawo kan garuruwa irin su Mayo-Oulo, za a ga cewa kayan haɗin duk suna nan, a warwatse ne kawai. Akwai tsofaffin da suka iya jera dutse ba siminti, da masu ginin rumbu, da matan da suka san ƙasar da ke riƙe yaɓe. Akwai birkiloli matasa da suka yi aiki a Garwa da Marwa da Mubi, sun iya awo da igiya da ɗaurin rodi. Akwai fadar lamiɗo da majalisar gari. Gwamnatin Kamaru tana da hukumar MIPROMALO, wadda aka kafa a 1990 don bunƙasa kayan gini na cikin gida, Garwa kuma ta sami jami'arta a 2022. Katangar fadar Rai Buba, a wannan jiha ta Arewa, shaida ce cewa ginin ƙasa mai girma ba baƙon abu ba ne a yankin. Abin da babu shi ne wurin da waɗannan mutane za su tsaya a kan aiki ɗaya.

Ba sai an jira babban shiri ba. Duk shekara ana gina aji, ko rumfar kasuwa, ko ɗakin shan magani. Ana iya ware ɗaya daga ciki a ce wannan na taron magina ne: a zauna kafin a haƙa harsashi a yi gardama kan inda taga za ta fuskanta da tsawon da rufi zai yi, a sake haɗuwa idan bango ya kai linta, a dawo bayan damina ta farko a ga inda ruwa ya ci. A sa ma'aunin zafi a cikinsa da cikin ajin bulo na kusa a watan Afrilu, a rubuta abin da aka gani a allo kowa ya karanta. Maganar za ta gudana da Fulatanci da Hausa da Faransanci da harshen Fali, kuma wanda ya fi iya aikin ba lalle ne ya zama wanda ya fi iya Faransanci ba, don haka sai an kula kada takarda ta danne hannu. Irin wannan zama yana da ɗaci, domin babu mai son a nuna karkatar bangonsa a gaban yaransa. Amma birkilan da ya san tsaransa za su zo dubawa ba zai buga bulo 60 da buhun da ya kamata ya ba da rabin haka ba.

Ɗalibin Hausa yana da nasa rabo a wannan aiki. Kalmomi irin su zanko da indararo da tulluwa da ɗaurin guga da makuba suna cikin ƙamus, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, amma yara da yawa da suka tashi a gidan bulo ba su taɓa ganin abin da suke nufi ba. Kalmar da abin da take nuni gare shi ya ɓace takan koma kacici-kacici. A ɗaya gefen kuma, wurin gini na yau cike yake da sababbin kalmomi, wasu daga Ingilishi kamar birkila da linta da filasta, wasu daga Faransanci a bakin Hausawan Kamaru da Nijar, kuma ba a tattara su yadda ya kamata ba. Wanda ke neman batun bincike zai iya ɗaukar littafinsa ya je inda ake gini a unguwarsu, ya gaida maigidan aikin da ladabi, ya nemi izinin zama. Ya rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane mataki, ya lura da kalmomin da magini ke amfani da su idan yana yabon aiki ko kushe shi: ya miƙe, ya zauna, ya yi ciki, ya sha ruwa. Sa'an nan ya nemi tsohon magini mafi shekaru a garin ya karanta masa jerin, ya tambaye shi yadda ake faɗin kowanne a zamaninsa, da kuma wanda yake zuwa duba aiki a lokacin idan an gama.